Tambayi Malama: Wata da Taurari a Hannun Ƙananan Yara

Assalamu alaikum masu karatu. Biyar daga cikin wasiƙun da suka taru mini a wannan karon maganar sama suke yi, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Ta farko ce za ta fi cin wuri, domin amsarta za ta yi wa sauran amfani.

Malama, barka da ƙoƙari. Ina koyarwa a wata makarantar rainon yara a Zariya, yarana 34, 'yan shekara 4 zuwa 5. Shugabarmu ta ce kowane aji ya yi mako guda yana ayyukan hannu a kan sararin samaniya, ranar ƙarshe iyaye su zo su gani. Na duba waya, duk abin da na gani sai an sayi fenti da takarda mai launi da ƙyalli da gam na kwalba, ni kuwa ko sisi ba a ba ni ba. Don Allah yaya zan yi?
*Malamar aji, Zariya*

Ƙanwata, sannu da fama. Yara 34 a hannun mutum ɗaya ba wasa ba ne, na san zafinsa. Ki ajiye wayar nan tukuna, ki ɗauko kalandar Musulunci. Idan kina da ta cewa a zaɓen makon, ki roƙi shugabarku a sa shi tsakanin 3 ga wata da 14 ga wata. A waɗannan kwanakin ne yaro zai iya ganin wata da idonsa bayan magariba. Da an wuce tsakiyar wata, kullum fitowarsa ƙara jinkiri take yi, kafin ya leƙo yaranki sun yi nisa a barci. Ranar farko aikin gida ɗaya za ki ba su: kowa ya fita tsakar gida da mamarsa ko yayarsa ya kalli wata, gobe ya zo ya gaya miki yadda ya gan shi. Za ki sha labari. Wani zai ce kamar yankan kankana, wata ta ce kamar farcen Baba. Daga bakinsu za ki ɗauki aikin makon. Yaron da aka sa ya zana abin da ya gani jiya da dare a saman gidansu, hannunsa daban yake tafiya da na wanda aka ce ya kwaikwayi hoton allo.

Sai kayan aiki. Gam ɗinki sitati ne. Ki dama cokali 2 na garinsa da ruwan sanyi kaɗan, ki sheƙa masa tafasasshen ruwa kina juyawa har ya yi kauri kamar koko, ki bar shi ya huce. Yana riƙe kwali da takarda sosai, sai dai kwana ɗaya ko biyu yake yi ya fara tsami, don haka kaɗan-kaɗan za ki riƙa damawa. In kina son wanda ya fi jimawa, ki nemi ƙaro wurin masu sayar da kayan tawada, ki jiƙa shi ya kwana. Launi kuwa duk yana madafa. Gawayi dakakke a tankaɗe, a kwaɓa da sitati, shi ne baƙinki. Alli ko farar ƙasa shi ne fari. Kurkur ya ba ki ruwan ɗorawa, jar ƙasa ta ba ki ja, bular wanki ta ba ki shuɗi. Ki dafa zoɓo ya yi kauri ba sukari. Shi zoɓo yana da wani abin mamaki da yara ke so: in aka shafa shi a takarda aka ɗiga masa ruwan kanwa, nan take wurin ya juye ya koma shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Ranar da na fara nuna wa ajina wannan, shiru ajin ya yi na ɗan lokaci, sannan kowa ya miƙo tasa takardar. Buroshi ma ba sai kin saya ba. Asuwaki da aka daddaka bakinsa, guntun soso, tsohon buroshin haƙori da aka wanke, da yatsun yaran kansu, sun wadatar. Kwali kuma ki roƙi masu shago na unguwa da iyayen yara tun yanzu: kwalin taliya, na sabulu, na sukari, na ashana.

Aikin da nake fara yi da su shi ne daren kwali. Kowane yaro a ba shi fallen kwali kamar faɗin littafinsa, ya shafe shi da baƙin gawayi da soso, a jera a rana. Kafin a dawo daga tara ya bushe. Sai a tsoma tsohon buroshin haƙori a ruwan alli, yaro ya riƙe shi a saman kwalin ya karta gashin da babban yatsa, farin ya tarwatsu ɗigo-ɗigo. Taurari ke nan. Daga nan ya zana watan da ya gani, ko ya yago farar takarda ya manna. Ki bar su su yaga da hannu. Almakashi ɗaya ba zai zagaya yara 34 ba, kuma yagar tana ƙarfafa yatsun da gobe za su riƙe fensir.

Washegari ki kai su waje da babban tire cike da rairayi mai laushi, ki barbaɗa garin alli a samansa har ya rufe. Ki ce musu wannan fuskar wata ce. Su zo ɗaya bayan ɗaya, kowa ya saki dutse daga daidai ƙirjinsa, ki ɗauke dutsen a hankali su ga ramin da ya bari da yadda allin ya fantsama. Babban dutse babban rami, wanda aka saki daga sama sosai ya fi yin zurfi. Haka ramukan wata suka samu, duwatsu ne daga sararin samaniya suka riƙa faɗa masa. Kuma tun da can babu iska babu ruwan sama da za su share, ramin da aka yi nan yake zama. Ki sa yaro ɗaya ya hura gefen tiren a hankali, su ga yadda iska ke cike rami a wurinmu. Da sun gane wannan, sai ki ba kowa curin yumɓu ya lailaya shi kamar waina, ya dangwala masa ramuka da murfin kwalba da yatsa, in ya bushe a shafe shi da farar ƙasa.

Kumbo ba ya ba da wahala. Robar ruwa ce jikinsa, a naɗe kwali kamar mazurari a kifa masa a ka, a manna fikafikai uku a gindi, a cusa tsummokaran atamfa ja a ƙasa su zama wuta. In kina son irin na gida, karan dawa da muka yi motar kara da shi muna yara yana nan. Amma ke za ki ɓare shi tun a gida ki kawo musu totuwar kawai, domin ɓawon kara yanka yake yi kamar reza. In an gama, kowa ya tsuguna da kumbonsa a ƙirga daga goma zuwa ɗaya, a daka tsalle. Za su nemi a sake har sai kin gaji, kuma kafin Juma'a kin samu yaran da suka iya ƙirga ta baya ba tare da kin ɗaga murya ba.

Game da duniyoyi takwas da ke zagaya rana, ba na son a tilasta wa ɗan shekara 4 haddar sunayensu. Uku ko huɗu sun ishe shi: tamu, da Mars mai ja saboda tsatsar da ke cikin ƙasarta, da Jupiter babbar yaya, da Saturn mai zobe. Su mulmula su da yumɓu, zoben kuma a yanko shi daga kwali. Abin da ya fi haddar suna amfani shi ne su ji girman abin a jikinsu. Ki riƙe ƙwayar gurjiya ɗaya ki ce ita ce duniyarmu, da Zariya da Makka da teku duk a kanta. In haka ne, shi wata kamar ƙwayar gero yake, kuma tsakaninsu tsawon rula ɗaya. Jupiter ƙaramin ƙoƙo ce, domin faɗinta ya ninka na duniya sau 11. Rana kuwa ta ninka faɗin duniya sau 109, don haka sai ki zana da'ira a ƙasa wadda faɗinta ya ɗan ɗara mita ɗaya, yara biyar su shiga ciki su tsaya. Idan makarantarku na da fili, ki ɗauki gurjiyar ku yi ta tafiya daga da'irar nan. Sai kun wuce tsawon filin ƙwallo kafin ki ce, to, nan ne gidanmu. Su waiwaya su hango ranar can nesa.

Roƙona ɗaya gare ki a kan ranar iyaye. Kada ki kwana kina gyara aikin yaran don ya yi kyau a ido. Na sha shiga aji na tarar da kumbo 30 duk kansu ɗaya, da gani ka san hannun malama ne. Ki jera nasu yadda suka yi shi, da karkatacce da wanda gam ya yi wa yawa. A ƙasan kowanne ki rubuta sunan yaron da abin da ya faɗa da bakinsa lokacin da kika tambaye shi me ya yi. Wannan layin ɗaya shi iyaye za su tsaya suna karantawa.

Anti, ɗana shekararsa 3 da rabi. Kwanan nan ya ishe ni da tambaya: wa ya gutsuri wata? In kuma muna cikin a-daidaita-sahu da dare sai ya ce wata yana bin mu. Na ce masa ikon Allah ne, amma gobe sai ya sake tambaya. Akwai wani wasa da zan yi masa ya gane?
*Maman yaro, Kano*

'Yata, amsar da kika ba shi gaskiya ce, sai dai yaron yana son ya ga yadda ikon yake tafiya, kuma wannan abin farin ciki ne. Ki yanko kwali zagaye-zagaye guda bakwai, ki kifa kofi ki zana su fito daidai, ku shafe su da baƙi tare. Daga daren da aka ga jinjirin wata, duk bayan kwana biyu ku fita bayan magariba, ya kalli sama, ya shafa alli a kwali ɗaya daidai yadda farin ya kai. Ki huda su ki zura a zare ki rataye a bangon ɗaki bi da bi. Kafin kwana 14 zai ga da idonsa cewa watan ƙaruwa yake yi har ya cika, kuma da kansa zai fara gaya miki yadda na jibi zai kasance. In ya cika sai ki ce masa yanzu zai riƙa raguwa har ya ɓuya, sannan ya dawo. Zagayen duka kwana 29 da rabi ne, shi ya sa watanmu wani ya yi 29 wani ya cika 30.

In kina son ki ƙara masa, ranar da aka ɗauke wuta ki soke lemo da tsinke ki ba shi ya riƙe a gabansa, ya ɗan ɗaga shi sama da kansa. Ki tsaya nesa kaɗan ki haska shi da tocila, shi kuma ya riƙa juyawa a hankali a inda yake. Zai ga hasken da ke jikin lemon yana ƙaruwa yana raguwa, alhali lemon nan ɗaya ne babu wanda ya gutsure shi. Wata ba shi da hasken kansa, na rana ne ke sauka a kansa, mu kuma muna ganin gefen da aka haska gwargwadon inda ya tsaya. Ba lallai ne ɗan shekara 3 ya riƙe bayanin ba. Lemon da tocilar zai riƙe, bayanin ya same shi a aji uku ko huɗu ya tarar da wurin zama.

Bin da wata yake yi muku kuwa nisa ne ya jawo. Bishiyar bakin titi tana kusa, shi ya sa take wucewa fuu. Wanda ya taɓa bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ya san yadda Dutsen Zuma yake daɗewa a gefen mota kamar tare ake tafiya. To shi wata yana can wajen kilomita 384,000, duk tafiyar da za ku yi daga Kurna zuwa Hotoro ba ta isa ta gusar da shi daga inda kuke ganinsa ba. Ki ce masa ya zaɓi bishiya ɗaya da wata, ya ga wanne zai riga ɓacewa.

Kada ki tsaya a wata kaɗai. Mu da muka tashi ana shimfiɗa tabarma a tsakar gida lokacin bazara, kakanninmu sun nuna mana Zara matar wata, mai tsananin hasken nan da ke fitowa ta yamma bayan faɗuwar rana. Sun nuna mana Gamzaki na asuba. Sai da na girma na san abu ɗaya ne, duniyar da ake kira Venus, larabawa su ce Zuhura: ta yi watanni tana fitowa da magariba, ta ɓace, ta koma fitowa da asuba. Da sanyin hunturu kuma ga Kaza da 'Ya'yanta, 'yan taurari shida ko bakwai a cure wuri guda. Ki samu gwangwanin madara, babansa ya huda gindin da ƙusa a siffarsu, a dasashe bakin gwangwanin don kada ya yanke shi, a zura ƙaramar tocila a haska rufin ɗaki. Yana damuna ƙwarai yadda yaranmu na birni suke tashi ba su san waɗannan sunaye ba, alhali taurarin suna nan inda muka bar su.

Malama, ina gaisuwa. 'Yata mai shekara 5 ta dawo daga makaranta da hular kwali tana cewa ita 'yar sama jannati za ta zama. Mahaifiyata da ke zaune tare da mu ta ce wannan shisshigi ne a lamarin Ubangiji, kuma zancen zuwa wata duk ƙarya ce ta Turawa. Ba na son in saɓa wa Hajiya, ba na kuma son in kashe wa yarinyar gwiwa. Mece ce shawararki?
*Wani uba, Maraɗi*

Malam, Allah ya saka da alheri da ka tsaya ka yi tunani kafin ka yanke. Ka miƙa gaisuwata ga Hajiya. Hukunci na malamai ne, ni malamar yara ce, don haka abin da ya shige maka duhu ta wannan fuskar ka kai shi gare su. Abin da zan iya tuna maka shi ne kallon sama ba baƙon abu ba ne a gidan Musulmi. Yarinyar nan a Islamiyya za ta karanta surar Rana da ta Dare, ta zo ta karanta ta Tauraro da ta Wata. Da wata muke ɗaukar azumi, da shi muke ajiyewa, da inuwar rana iyayenmu suke gane azahar da la'asar. Hajiya da kanta ta fi ni da kai sanin yadda ake fita duban jinjirin wata.

Zancen zuwa wata kuwa ya tabbata. A watan Yulin 1969 kumbon Apollo 11 na Amurka ya sauke Neil Armstrong da Buzz Aldrin a can. Daga wannan shekarar zuwa 1972 mutum 12 ne suka taka shi, suka dawo da duwatsu da ƙasa kilo 382 waɗanda masana na ƙasashe da dama suke bincike a kansu har yau. Musulmi ma sun je sararin samaniya: Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya je a 1985. Mata sun je tun 1963, lokacin da Valentina Tereshkova ta Tarayyar Sobiyet ta zagaya duniya ita kaɗai a kumbonta, kuma a 1992 Mae Jemison ta zama baƙar fata mace ta farko da ta je. Maƙwabciyarku Najeriya ta samu tauraron ɗan adam nata na farko a 2003, aka harba shi daga Rasha. Tashoshin da Hajiya take kallon ɗawafi kai tsaye daga Makka ta farantin da ke kan rufi, ta irin waɗannan taurarin suke isowa.

Na faɗi wannan ne don zuciyarka ta natsu, ba don ka je ka yi musu da mahaifiyarka ba. Musu ba zai kai ku ko'ina ba, kuma bai dace yarinya ta ga babanta yana ja-in-ja da kakarta a kanta ba. Ka jawo Hajiya cikin aikin. Wani dare ka ce, Hajiya, jikarki tana son ki nuna mata taurarin da kuka sani kuna yara. Za ka yi mamakin abin da ke cikin kanta: wanda manoma ke duba shigowar damina da shi, wanda ake tashi sahur da shi. Yarinya ta zana su da alli a baƙin kwali, a rubuta sunan da kakarta ta faɗa. Daga baya ku haɗa tauraron ɗan adam da kwalin ashana, a manna masa fikafikai biyu na kwali, a naɗe shi da takardar nan mai sheƙi ta cikin kwalin shayi, a rataye kusa da na Hajiya. Hular kwalin kuma a bar mata kayarta. Ka dai duba an buɗe gaban sosai yadda fuskarta duka take waje, kuma ka ja mata kunne cewa ba a taɓa yin wannan hular da leda.

Anti, na saya wa 'yata kalar zane, amma in na ce ta zana rana sai ta yi ta kore, wata kuma ta yi masa ƙafafu. In na gyara mata sai ta yi fushi ta jefar. Ga ɓata kaya da bango. Anya tana ganewa kuwa? Shekararta 4.
*Maman 'yan biyu, Jos*

Tana ganewa sarai, 'yata. Ki nuna mata rana da safe ki tambaye ta ko kore ce, za ta yi miki dariya. A shekarunta zane labari ne take bayarwa. Watakila ta yi wa wata ƙafafu ne don ta lura jiya yana nan, yau ya koma can, to da me ya tafi? In haka ne ta fi wanda ya zana shi daidai lura.

A shekarata ta biyu da fara koyarwa akwai wani yaro a ajina mai son zane ƙwarai. Ya cika takardarsa da taurari jajaye, na karɓi fensir na ce ba haka ake yi ba, na zana masa mai tsini biyar a gefe. Ya dube ni, ya ajiye kalar. Har ƙarshen zangon nan, duk ranar zane sai ya miƙo mini takarda ya ce Anti yi mini. Abin yana raina har yanzu. Kuma shi ne mai gaskiya, akwai taurari masu ja a sama, tauraro kuwa ba shi da tsini ko ɗaya. Tun daga lokacin na daina taɓa takardar yaro. Abin da nake cewa kawai shi ne, ba ni labarin wannan. Ki gwada da ita yau.

Ɓata kaya kuwa, ki ware mata tsohuwar rigar yayanta ta zama rigar aiki, ki shimfiɗa buhu a tsakar gida, ki manna mata babban kwali a bango daidai tsayinta ki ce nan ne nata bangon. Ki kula da kurkur da zoɓo, in suka kama farin yadi da wuya su fita.

Malama, yayyensa suna irin wannan aikin, shi kuma autana mai shekara 2 sai ya shiga. Me zan ba shi? Sannan babbar ta ce malaminsu ya ce in an yi husufin rana ana iya kallo da baƙin gilashi.
*Uwargida, Gusau*

Uwargida, bari in fara da na biyun domin ya fi gaggawa. Baƙin gilashin da ake sayarwa a kasuwa ba ya kare ido daga rana, haka gilashin da aka turara da hayaƙi, haka kallonta a cikin bokitin ruwa. Rana tana ƙona cikin ido ba tare da an ji zafi ba, sai daga baya a tarar gani ya raunana. Husufin wata, wanda muke cewa wata ya yi zazzaɓi, shi ana kallonsa da ido babu komai. Na rana kuwa ƙasa ake kallo. Lokacin babban husufin nan na 29 ga Maris 2006 da ya ratsa arewacin Najeriya da Nijar, ina tare da yara a gindin darbejiya, sai ga hasken da ke ratsowa ta tsakanin ganye ya zuba a ƙasa kamar ɗaruruwan jinjirin wata. Matsamin ƙosai ma yana yin haka: a ba rana baya, a riƙe shi a saman farar takarda, kowace huda ta fitar da siffar ranar. Ki gaya wa babbar da kyau, ki kuma samu malamin cikin mutunci ki yi masa bayani, domin ba 'yarki kaɗai ya gaya wa ba.

Shi kuma auta, duk abin da zai iya shiga bakinsa ko hancinsa a kawar: wake, gurjiya, murfin kwalba, duwatsun ado, guntun balan-balan da ya fashe. Na taɓa raka wata uwa asibiti da ƙwayar wake a hancin ɗanta, daga aikin manne-manne a ajina, kuma tun ranar ban sake ba ɗan ƙasa da shekara 3 ƙwayar hatsi ba. Wanda ya fi duka haɗari shi ne ɗan batirin nan mai kama da maɓalli da ke cikin ƙananan tocila da kayan wasa. In yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i, don haka ko zato kika yi, asibiti za ki nufa nan take, kada ki tsaya ba shi manja ko sa shi amai.

Abin da ya dace da shi mai sauƙi ne. Ki dama sitati mai ɗan ruwa-ruwa ki sa masa kurkur kaɗan, ki zuba a faranti. Ki zana babbar da'ira a kwali, ki tuɓe masa riga, ya riƙa tsoma tafin hannunsa yana bugawa a kewayen da'irar, yatsun suna kallon waje. In ya zagaye, rana ce da haskenta. Ki rubuta kwanan wata a bayan kwalin ki adana, baɗi ya ɗora hannunsa a kai ku ga inda yatsun suka kai. Ki ajiye bokitin wanka kusa kafin ku fara.